AMSAR WASIƘUNKU: Jitar Yaro, A Gyara Ta Ko A Sayo Wata?

Yau wasiƙa guda ce za ta cinye mana lokaci, sai wata 'yar gajeruwa da za mu taɓa daga ƙarshe. Ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gumel, wanda ya ce da rani yakan taɓa fataucin riɗi a kasuwar Maigatari. Ya roƙe mu kada mu faɗi sunansa, wai kada abokan cinikinsa su sa shi a gaba da ba'a. To Malam, mun rufa maka asiri.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Yana da ɗa mai shekara 11, wanda tun yana ƙarami ba shi da aiki sai ɗaura waya a jikin galan yana kaɗawa. Bara kawun yaron ya dawo daga Agadas, ya kawo masa tsarabar wata tsohuwar jita, tsirkiya uku kaɗai suka rage a jikinta. Da su ma suka tsinke, sai uban ya kai ta wurin mai gyaran keke, aka warware wayar birki aka ɗaura mata guda shida. Ba a yi wata biyu ba sai katakon da ke riƙe da wayoyin a kan cikin jitar ya soma ɗagowa, yatsun yaro kuma duk suka tsattsage. Yanzu jita tana rataye, yaro ya daina walwala. Malam ya ce ya ware kuɗin akuya guda. Shin ya gyara wannan ne, ko ya sayi wata? In saye ne, yaya zai yi kada a cuce shi, tun da shi bai san kan abin ba? Kuma yaya ake ɗaura tsirkiya?

Madalla da wannan tambaya. Kafin mu shiga amsa, bari mu raɗa wa sassan jita suna, don mu riƙa jin juna. Akwai ciki, watau akwatin nan mai baki a tsakiya. Akwai wuya, doguwar sandar da hannun hagu ke riƙewa, an gicciya mata 'yan ƙarafa sun raba ta gaɓa-gaɓa kamar rake. A ƙarshen wuya akwai kai, mai kunnuwa shida da ake murɗawa. Katakon da aka manna a kan ciki, wanda Malam ya ce ya ɗago, shi za mu kira jaki, kamar yadda masu garaya da kukuma ke kiran nasu. A bisa jakin akwai wani siririn farin ƙashi ko roba da tsirkiyoyi ke hawa, akwai kuma ɗan'uwansa mai tsaga shida can inda wuya ya haɗu da kai. Shi ke nan.

Abu na farko da kowane mai saye ya kamata ya sani, jitar da ba ta amfani da lantarki iri biyu ce, kuma tsirkiyar wannan ba ta hawa waccan. Akwai mai tsirkiyar roba, akwai mai tsirkiyar waya. Mai roba, in ka dubi kanta za ka ga an fafe dogayen tsagu biyu, wuyanta da faɗi, wajen santimita 5, kuma ɗaure tsirkiya ake yi a jikin jaki kamar yadda ake ɗaure guga. Mai waya kuwa yawanci kanta a shafe yake ba tsaga, wuyanta siriri, jakinta na da 'yan turaku shida da ake cusawa su danne gindin tsirkiya. Kada ƙyalli ya ruɗe ka: a jita mai roba ma, tsirkiyoyi uku masu kauri suna da kamar ƙarfe, alhali zaren roba ne a ciki aka naɗe shi da siririyar waya. Dubi sirara ukun na ƙasa. In suna kama da zaren fatsa, to mai roba ce.

Me ya sa na nace a kan wannan? Saboda nauyi. Tsirkiyoyin roba shida in an ɗaure su daidai, jan da suke yi wa jaki da wuya bai cika kilo 40 ba, watau bai kai buhun siminti guda ba. Na waya kuwa, irin waɗanda aka fi sayarwa, suna ja da ƙarfin kilo 70 da 'yan kai, kusan buhu ɗaya da rabi ke nan, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Don haka masu ƙera jita mai waya suke ƙarfafa cikinta da katakai, su kuma saka sandar ƙarfe a cikin wuyanta. Mai roba yawancinta ba ta da wannan sanda. In ka ɗora mata waya, ka ɗora wa ɗan maraƙi kayan raƙumi.

Malam ya ce kan jitar ɗansa na da tsagu biyu, ba ta kuma da turaku. Ashe mai roba ce, kuma wayar birki ce ta ja mata wannan ciwo. Ban ga laifin mai gyaran keke ba, abin da ya sani ya yi. Ban kuma raina wayar birki ba. Mdou Moctar, mutumin jihar Tawa wanda yanzu ake gayyatarsa Turai da Amurka, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba a son ya yi kiɗa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwani da tsirkiya guda ya zaga duniya. Amma galan da gwangwani in sun lalace an huta, a samo wasu a bola. Jita kuwa kuɗi ce.

Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka sassauta wayoyin nan ka cire su duka. In akwai tsagar da wayar mai tsatsa ta yi wa yaro mai zurfi, a wanke da sabulu, a kuma leƙa asibiti a tambayi batun allurar tsinkau-tsinkau. Sa'an nan ka ɗauki jitar ka kai kanta saitin idonka, ka hango tsawon wuyan har zuwa jaki, kamar yadda kake duba ƙotar fartanya ko azara kafin ka biya. In wuyan a miƙe yake, ko ya ɗan lotsa kaɗan ƙwarai a tsakiya, da sauran rai. In ya lanƙwashe kamar baka, ko ya murɗe gefe guda ya fi ɗaya tudu, ko kuma ka ga tsaga a gindin wuya inda ya kama ciki, to kada ka zuba mata ko kwabo. Kuɗin gyaran ya fi kuɗinta.

In jaki ne kaɗai ya ɗago, wannan aikin kafinta ne mai haƙuri. A ɗaga shi gaba ɗaya a hankali, bayan an zana iyakarsa da fensir don ya koma daidai inda yake. A kankare tsohon gam sarai daga jakin da kuma cikin jitar, har katako ya fito. A shafa farin gam na kafintoci, a matse, a bar shi kwana ɗaya cur, in ma an ba shi kwana biyu ya fi. Kada a buga ƙusa. Kada kuma a tsiyaya gam ɗin nan mai kamawa nan take a cikin tsagar a ce an gama, don bisa ƙura da tsohon gam zai zauna, ran da aka ɗaure tsirkiya ya sake ɓallewa, wani lokaci har ya tafi da fatar katakon. In wannan gyara ya yi, abin da ya rage maka fakitin tsirkiyar roba guda ne, akuyarka kuma ta tsira.

To, a ce tsohuwar ba ta gyaruwa, sai kasuwa. Nan ne nake so ka buɗe kunne, da kai da duk mai niyya irin taka.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Kada ka ba direba kuɗi ka ce ya sayo maka a Sabon Gari ta Kano ya aiko. Ka je da kanka, ka tafi da yaron, in kuma da wanda ya iya kaɗawa a garinku, ko malamin makaranta ne ko mai kiɗa a coci ko a wajen biki, ka biya masa mota ku tafi tare. Kuɗin motarsa shi ne la'adar da ba za ka yi da-na-sanin biya ba. Ka kuma sa kwalin ashana a aljihu, yanzu za ka ji amfaninsa.

Girman jita tukuna. Cikakkiya, tsawon tsirkiyarta daga ƙashin sama zuwa na jaki santimita 65 ne ko kusa da haka. Akwai wadda ake kira uku-bisa-huɗu, wajen santimita 58, akwai rabi, wajen 53. Ɗan shekara 6 zuwa 8 rabi ce tasa, ɗan 8 zuwa 11 uku-bisa-huɗu, daga 12 zuwa sama yawanci cikakkiya. Amma shekaru ba su ne ma'auni ba, jiki ne. Zaunar da yaron, ɗora masa ita a cinya. In hannunsa na hagu ya kai gaɓar farko gwiwar hannun tana lanƙwashe, na dama kuma ya sauko kan baki ba tare da kafaɗa ta ɗage ba, ta yi masa. Na san halinmu, mukan sai wa yaro riga mai girma mu ce zai girma a ciki. Riga tana jira. Jita in ta fi ƙarfin yaro, kafin ya girma ya riga ya tsane ta.

Sai babban gwaji, wanda in ka manta da duk abin da na faɗa yau ka riƙe shi. Sa mai kanti ya ɗaure tsirkiyoyin daidai yadda ake kaɗawa, don wasu sukan bar su sako-sako, aibi ya ɓuya. Ƙirga gaɓoɓi daga kai har ka zo ƙarfe na 12, nan ne tsakiyar tsirkiya. Zaro tsinken ashana, kaurinsa wajen milimita 2 ne, ka zura shi tsakanin ƙarfen da tsirkiya mafi kauri. A jita mai waya, tsinke guda ya shiga da 'yar rara kaɗan, shi ne daidai. A mai roba, tsinke biyu a ɗore, kada ya wuce haka. In tsinke uku sun shige suna rawa, ko ka ga biro zai iya wucewa, mayar masa da abarsa, ko da ta fi amarya ado. Wannan tazara ita ce ke raba yaron da zai iya da wanda zai bari. Duk abin da ta ƙaru, sai ɗan yatsa ya ƙara ƙarfi kafin ya kai tsirkiya ƙasa, murya kuma ta riƙa fita a karkace. Yara da yawa da aka ce ba su da basira, jitar ce ba ta danno.

Mai kanti zai ce maka ai ana gyarawa. Wani lokaci gaskiya ne. Dubi farin ƙashin nan na kan jaki. In ya yi tsayi sosai sama da katakon, ana zare shi a goge gindinsa da samfefa a kan abu mai shafe. In an rage milimita 2 a nan, tazarar gaɓa ta 12 ta ragu da milimita 1. A jita mai waya kuma ana iya ɗan juya sandar ƙarfen cikin wuya da makulli mai kusurwa shida irin na masu gyaran babur, rubu'in juyi a lokaci guda, wannan kuwa aikin wanda ya sani ne. Amma in ƙashin ya riga ya yi ƙasa, ba abin da za a rage, ga tazara har yanzu da yawa, to wuyan ne ya tashi. Kuma ko wane gyara ne, a yi shi a gabanka kafin ka ce ka saya.

Daga nan sauran dube-duben ba su da wuya. Ɗauki takardar kuɗi ka gwada cusa gefenta a bayan jaki; in ta shige, ya soma ɗagowa. Bi gefen wuya da tafin hannu, in bakin ƙarafan yana karce ka, zai yanki yaro. Murɗa kunnuwan nan shida ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya juya sumul, ya kuma tsaya inda aka bar shi. Sa wanda ya iya ya danna kowace tsirkiya a kowace gaɓa, a saurara ko akwai inda take zuza kamar ƙuda a kwalba. Ya kuma kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan ya danna ta a gaɓa ta 12: murya ɗaya za ka ji, sai dai ta biyun siririya, kamar uwa da 'yarta suna rera abu guda. In sun saɓa sosai, an manna jakin ba a wurinsa ba, wannan kuwa ba ya gyaruwa da araha. Ƙwanƙwasa ciki da ɗan yatsa, girgiza ta kusa da kunne, ko wani katako ya saki a ciki. Fenti da zanen fure su ne na ƙarshe. Wa ya taɓa sayen sa don kyan ƙaho bai duba haƙori da kofato ba?

Game da suna, kamfanin Yamaha na yin masu sauƙin kuɗi da aka daɗe ana koyo da su: C40 mai roba, CS40 ƙaramarta, da F310 mai waya. Sai dai suna a goshin jita ba shaida ba ne, masu jabu sun iya rubutu. Leƙa ta baki ka ga takardar da aka manna a ciki, amma dai tsinken ashana ya fi takarda gaskiya. Jita marar suna da ta ci gwaji ta fi mai suna da ta faɗi. Ta hannu ma ba laifi, sau da yawa ta fi sabuwa mai arha, tun da ta riga ta sha hunturu ta nuna halinta.

Wace iri za ka saya wa ɗan shekara 11? Ni dai a ganina mai roba, don ta fi tausayin yatsa, ba ta kuma tsatsa kamar waya. Amma ka tambayi yaron. In kiɗan Agadas ne ya shiga ransa, irin na su Bombino da marigayi Abdallah Oumbadougou, muryar waya yake nema, roba ba za ta ba shi wannan kaifin ba. In haka ne sai a sai masa mai waya, a sa mata tsirkiya marar kauri. A jikin fakiti za ka ga lamba kamar 10-47, ko 12-53, ko 13-56. Lambar farko kaurin siririyar ce, ta biyu na kakkaurar. Ɗauki mai 10, ko 11 in babu. Mai 10 jan da take yi wajen kilo 60 ne, ta sauƙaƙa wa yatsa, ta kuma sauƙaƙa wa jita mai arha. Fakitin roba kuwa nemi wanda aka rubuta Normal, bar mai Hard. Ka ƙara da siririyar tsirkiya guda biyu a ware, don ita ce ta fi tsinkewa, kada a ce sai an koma birni saboda ita.

Yanzu ɗauri. Tsirkiyoyi suna da lamba: ta 1 ita ce mafi siranta, tana ƙasa wajen cinya in an rungumi jita, ta 6 ita ce mafi kauri, tana sama wajen ƙirji. Kowace tana zuwa cikin takardarta da lambarta, kada ka zazzage su wuri guda. In jitar na da tsofaffi a jiki, canza ɗaya bayan ɗaya, kana duban na kusa kana kwaikwayo. Kada ka taɓa yanke tsirkiya tana ɗaure, sassauta ta tukuna har ta yi laƙwas.

Mai roba, irin ta Malam: zura bakin tsirkiya ta hujin jaki daga wajen baki, ya fito ta baya kamar tsawon ɗan yatsa. Dawo da shi ta sama, ka zagayo da shi ta ƙarƙashin tsirkiyar, sa'an nan ka cusa shi ƙarƙashin madaukin da ya yi, yadda ƙarshensa zai matsu a bayan kusurwar jakin, ba a samansa ba. Wannan kusurwa ita ce ke riƙewa. Masu kauri cusawa ɗaya ta isa. Sirara ukun santsi gare su, sai ka nannaɗa sau biyu ko uku. Wasu sukan kusanta bakin siririyar da wutar ashana ya dunƙule ya yi ɗan kai don kada ya zame. In za ka yi haka yi shi nesa da jitar, kafin ka zura. Can wajen kai kuma, zura ta hujin abin naɗin, ka zagayo da bakin ka sarƙe shi da jikinta, sa'an nan ka murɗa kunne yadda tsirkiya za ta bi ta sama tana naɗuwa, tana danne bakin nata.

Mai waya: bayan ka sassauta, zare turken. In ya ƙi, sa hannu ta baki ka turo shi daga ciki da kwabo ko bayan cokali, kada ka ɓanɓare shi da wuƙa ka ci katako. Gindin sabuwar tsirkiya na da ɗan zobe. Ɗan lanƙwasa wajen zoben kaɗan, saka shi a rami, bi shi da turke, tsagar turken tana duban wuya. Danne turken da babban yatsa, ka ja tsirkiyar sama har ka ji zoben ya kama katako daga ciki. In bai kama ba, a gindin turke ya maƙale, kana ɗaurewa turke zai yi tsalle. A kai kuma, zura ta huji, ka bar rara kamar faɗin yatsa uku, ka lanƙwasa, ka soma murɗawa. Tsirkiya ta bi ta cikin kai, tsakanin layukan biyu, kowane naɗi ya sauka ƙarƙashin na gabansa, ba bisa juna ba. Masu kauri naɗi biyu zuwa uku, sirara huɗu zuwa biyar. Kafin ka ɗora ta a tsagar ƙashin sama, goga bakin fensir a tsagar, yana sa ta zame ba ta cijewa. In ka gama yanke rarar da filaya gab da ƙarfen, ka tsince guntayen ka binne, don suna shiga ƙafa, kaji ma suna haɗiya.

Wani abu da na koya da jikina. Ina saurayi na taɓa sunkuyawa kan jita ina ɗaure siririyar tsirkiya, ina ta murɗawa ban san na wuce ba, sai ji na yi tas! Har yau akwai ɗan tabo ƙarƙashin idona na dama, tsakaninsa da ƙwayar idon bai fi faɗin ƙwayar masara ba. Saboda haka kau da fuska, kuma kada yaro ya leƙo yana kallo kusa.

Wannan ya kawo mu ga saiti. Daga ta 6 zuwa ta 1, sunayen muryoyin su ne E, A, D, G, B, E. Mutanenmu na Nijar da suka yi lakwal sun fi sanin su da Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Hanya mafi sauƙi yanzu, duk mai babbar waya a gari yana iya saukar da manhajar saita jita kyauta, da yawansu ba sa bukatar intanet bayan an sauke. Ka kaɗa, allura ta nuna maka a ƙara ko a rage. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a kan jita. In babu ko ɗaya, sai kunne. Ɗaure ta 6 har ta daina kaɗa ƙarafa ta ba da murya mai kauri sosai, kada ka wuce nan. Danna ta a gaɓa ta 5, muryar da ta fito ita ce ta tsirkiya ta 5 a sake. Haka za ka bi daga ta 5 zuwa ta 4, daga ta 4 zuwa ta 3. Ta 3 kaɗai ce ake dannawa a gaɓa ta 4 don a samo ta 2. Sa'an nan ta 2 a gaɓa ta 5 ta ba ka ta 1.

Kada hankalinka ya tashi in ka saita yanzu, an jima ka tarar ta sauka. Ba cutarka aka yi ba, sabuwar tsirkiya miƙewa take yi. Ta waya kwana ɗaya ko biyu ta zauna, ta roba takan kai mako guda ana bin ta. Ka riƙa ɗan jan kowace a tsakiya da yatsa a hankali kana sake saitawa.

Sai ajiya, don ƙasarmu ba ta da tausayin katako. Masu ƙera jita sun fi son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. Da hunturu a wajenmu takan faɗi ƙasa da 20. Katako ya tsuke, ciki ya tsage, bakin ƙarafa ya fito. A nan talaka ya ci riba: jita mai arha da katako falle-falle ake yin ta, an manne an danne, kuma irin wannan ya fi jure bushewa bisa ga tsadadden katako falle guda. Duk da haka, in hunturu ya kama, jiƙa ɗan soso ka matse shi sosai, ka sa a leda mai huji-huji, ka ajiye cikin jakar jitar, kada dai ruwa ya taɓa katako. In ba jaka, telan gari zai ɗinka daga tsohon bargo. Da bazara kada a bar ta a rana, ko cikin mota a rufe, ko a rataye gab da rufin kwano, zafi na narkar da gam, jaki ya tashi. Kada a jingine ta a ƙasa jikin bangon laka, gara ba ta san kiɗa ba. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba: yaro ya wanke hannu kafin ya ɗauka, in ya gama ya goge kowace tsirkiya da busasshen tsumma, sama da ƙasa. Mai yin haka fakiti guda zai kai shi watanni. In ka ga tsirkiya ta yi baƙi, ko naɗinta ya soma warwarewa, ko ta ƙi zama a saiti, lokacinta ya yi.

Yatsu kuwa za su yi zafi ko da jita ta fi kowace laushi, mako biyu zuwa huɗu, har su yi kanta. Kai manomi ne, ka san yadda hannu ke yi a farkon noma. Minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana ya fi awa biyu ran Juma'a kaɗai. A yanke farcen hannun da ke danna gaɓa. Zafi daban, jini daban. In ka ga jini, jitar za a duba, ba yaron za a yi wa faɗa ba.

A ƙarshen wasiƙarka ka ce kana tsoron kada abin ya ɗauke masa hankali daga makaranta da gona, mutane kuma su ce ɗanka ya zama maroƙi. Wannan shawarar gidanka ce, kai da mahaifiyarsa da malamansa, ba ni zan yanke ba. Abin da na lura kawai, jitar da uba ya saya da kuɗinsa, uba ke faɗin lokacin da za a ɗauke ta da lokacin da za a rataye. Wadda yaro ya je ya aro a tasha, ba ka da ta cewa a kanta.

'Yar gajeruwar wasiƙar kuma daga wata baiwar Allah ce mai sayar da atamfa a Damagaram. Ta ce 'yarta bahaguwa ce, ko sai an nemo jita ta musamman? Hajiya, miƙa mata jitar ki ga yadda za ta rungume ta da kanta. Bahagwai da dama suna kaɗawa kamar kowa, ba damuwa. In kuwa ta juya ta, kan jita yana duban dama, kada a tilasta mata. Mdou Moctar da na ambata ɗazu ma bahago ne. Jita mai roba ba ta da wuyar juyawa: a sauya jerin tsirkiyoyin, mai kauri ta koma inda siririya take, a faɗaɗa tsagun ƙashin sama ko a sa sabo, a kuma juya na kan jaki. Mai waya ta fi wuya, don ƙashin jakinta a karkace aka dasa shi da gangan, in an juya tsirkiyoyi murya ba za ta daidaita ba. In mai waya kike so, nemi wadda aka ƙera don bahago tun asali.

Kai kuma Malam na ƙasar Gumel, in kafinta ya gama, an ɗaura roba, ta yi mako guda ta zauna, zura tsinken ashana a gaɓa ta 12 ka rubuto mana ko guda nawa suka shiga. In biyu ne, mayar da akuyarka turke. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.